DAGA GABAN ALLO: Kunnen Ƙashi Ne Ko Dauɗar Kunne?

Ga hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, leɓɓa sun fara tsagewa, yara kuwa kowa da majina a hanci. A irin wannan lokaci ne na ga ya dace mu tattauna a kan wani ɗan abu da ba a cika kawo zancensa a zaure ba, wato dauɗar kunne, musamman wadda kan taurare ta toshe kunne, da kuma cututtukan da ke tafiya tare da ita ko suke kama da ita. Ni dai alli ne sana'ata. Abin da zan kawo maku na tsinto shi ne daga bakin ma'aikatan lafiya, da karance-karance, da kuma abin da idona ya gani cikin shekara ashirin da ƴan kai da na yi ina tsaye gaban allo.

Bari in fara da ba ku labarin abin kunyar da ya same ni, don shi ne ya sa na fara bin diddigin wannan al'amari.

Shekarata ta huɗu da fita makarantar horon malamai, aka tura ni wani ƙauye a cikin jihar Maraɗi, aka ba ni aji uku. Ajin rumfar zana ce, yara kuma sun haura saba'in, kowa zaune a ƙasa da allonsa a cinya. A can layin baya akwai wani yaro ɗan shekara tara, wanda ba zan faɗi sunansa ba, tun da yanzu magidanci ne. In na kira sunansa ba ya amsawa sai na kusa da shi ya zungure shi. In na ce a buɗe littafi, sai ya tsaya ya ga abin da ƴan uwansa ke yi sannan ya bi su. Ranar dikte kuwa ba a magana, domin ƙarshen kowace kalma sai ya haɗiye shi, kullum sifiri yake kwasa. Amma in lissafi ne na rubuta a allo, ba ya faɗuwa. Wannan ya sa na yanke hukunci cewa yaron nan ba daƙiƙi ba ne, kunnen ƙashi ne kawai ke gare shi, raina ni ya yi.

Na aika aka kira mahaifinsa. Da ya zo na kwashe duka na gaya masa, sai ya ce, “Mushe, ai ko a gida haka yake, ba ya ji. Uwarsa sai ta kira shi sau uku bai waiwayo ba. Na ba ka wuƙa da nama, ka gyara mini shi.” Ku dubi yadda harshenmu ya ruɗe mu mu biyu. Ya ce “ba ya ji”, na ɗauka ba ya jin magana yake nufi, shi ma kuma haka yake nufi, alhali kuwa gaskiya ce tsagwaronta ta fito daga bakinsa ba tare da ya sani ba. Daga ranar na sa wa yaron nan ido, ya sha tsallen kwaɗo, ya sha bulala, wata rana ma da raina ya ɓaci na kwaɗa masa mari a kunnen hagu.

Ana nan sai ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu yin rigakafi. A cikinsu akwai wata malamar asibiti, dattijuwa, da ta lura cewa duk lokacin da ta yi wa yaron magana sai ya karkato kai gefe guda, ya zura wa bakinta ido. Ta ciro wata ƴar fitila mai tsinin baki daga jakarta ta leƙa kunnuwansa, sannan ta kira ni ta ce, “Malam, zo ka gani da idonka.” Na leƙa. Ramin kunnen a toshe yake da wani abu baƙi mai tauri, duka biyun. Ta ba da maganin ɗigawa na kwana biyar, ta ce a kai mata shi gidan likita. Ni da kaina na goya shi a babur. Da aka wanke kunnen, abin da ya faɗo cikin tasa kamar ƙwallon dabino yake. A hanyarmu ta komawa, yaron nan ya kama hannuna ya kai agogona kusa da kunnensa, ya ce, “Mushe, ashe agogonka yana magana?” Wallahi ban iya ba shi amsa ba.

Daga baya muka gano cewa kakarsa ce, saboda ƙauna da son tsabta, kowace Juma'a take naɗa auduga a tsinken ashana ta sakace masa kunne. Malamar asibitin kuma ba ta ƙyale ni ba, ta ja mini kunne sosai da ta ji zancen marin, ta ce mari ɗaya a kan kunne yana iya fasa dodon kunne. Allah dai ya rufa mini asiri nasa bai fashe ba.

MENE NE DAUƊAR KUNNE?

Sunan da muka ba ta shi ya fara cutar da mu. Da an ce dauɗa ko datti, sai hankali ya tafi ga abin da ya wajaba a kawar. To amma wannan abu jiki ne ke yin sa da gangan, don amfanin kansa.

Ramin kunnen babban mutum, daga baki zuwa dodon kunne, bai wuce santimita 2 da rabi ba, wato kusan tsawon gaɓar yatsa guda. Kashi ɗaya cikin uku na wajen baki guringuntsi ne, a nan ne ake da ƴan gashi da wasu ƙananan matsatsa masu fitar da maiƙo. Sauran kashi biyun na ciki ƙashi ne da fata siririya ƙwarai ta rufe, shi ya sa ko kaɗan aka taɓa wurin sai a ji zafi. Maiƙon nan da ke tsattsafowa, in ya haɗu da matacciyar fata da ke saɓulowa, da ɗan gashi da ƙura, shi ne abin da muke kira dauɗar kunne. Aikinta shi ne ta shafe fatar ramin don kada ta bushe ta yi ƙaiƙayi, ta hana ruwa jiƙa fatar, ta kama ƙura da ƙananan ƙwari tun daga ƙofa, sannan ɗan tsamin da ke cikinta yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Abin mamaki kuma, kunne yana share kansa. Fatar da ke cikin ramin tana tafiya sannu a hankali daga dodon kunne zuwa waje, tana ɗauke da dauɗar a bayanta. Motsin muƙamuƙi wajen tauna da magana yana ƙara tura ta, har ta iso baki ta bushe ta faɗi, ko ta fita wajen wanka, mutum bai ma sani ba. Don haka abu biyu nake so mai karatu ya riƙe. Na farko, a bakin rami ake yin dauɗa, ba a can ciki ba. Na biyu, hanyarta ta fita ce, ba ta shiga ba. Duk lokacin da aka same ta cunkushe a jikin dodon kunne, galibi wani abu ne ya kai ta can.

Ita dauɗar ma iri biyu ce a duniya. Akwai mai danshi da danƙo, launin zuma ko ruwan ƙasa, wadda ita ce ta akasarin mutanen Afirka da Turai. Akwai kuma busasshiya, fara-fara mai ɓarɓashi, wadda ta fi yawa a wurin mutanen Sin da Koriya da Japan. A shekarar 2006 masana a Japan suka gano cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke raba tsakanin biyun. Haka kuma baƙin dauɗa kaɗai ba alamar ciwo ba ne. In ta daɗe iska na bugun ta, launinta kan yi duhu.

ME KE SA TA TAURARE?

Na farko, kuma uban duka, shi ne sakace kunne. Tsinken ashana, tsinken tsintsiya, gashin kaza, murfin biro, mabuɗin babur, ƙusa, har da tsinken nan mai auduga a kai biyu da ake sayarwa cikin ƴar roba, wanda mutane ke gani kamar shi ne na wayayyu. Ramin kunne matsattse ne. In ka zura tsinke, ɗan abin da ya manne a kansa shi ka ciro, ka duba ka ji daɗi, amma mafi yawa ka tura shi ciki ne, ka wuce da shi wurin da fata ke iya fitar da shi. Gobe ka sake, jibi ka sake, kamar mai daɓen ɗaki, har abin ya zama dunƙule. Ban da haka tsinken yana karce fatar, ya share maiƙon da ke kare ta, sai ƙaiƙayi ya taso, ƙaiƙayin ya sake kiran tsinke. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Na biyu shi ne ƙura da bushewar iska, abin da mu mutanen wannan yanki muka fi kowa sani. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da komai, ƙurar da take ɗauke da ita kuma tana cakuɗuwa da dauɗa ta ƙara mata kauri. Masu injin niƙa, da mata masu sussuka da shiƙa, da magina, da ƴan kabu-kabu, su kam duk shekara cikin ƙura suke.

Na uku shi ne shekaru. In mutum ya manyanta, matsatsan nan masu fitar da maiƙo suna raguwa, sai dauɗar ta riƙa fitowa a bushe. A wurin maza kuma gashin bakin kunne yana ƙara kauri da yawa, ya zama kamar shinge ya tare hanya. Sau da yawa za ka ga an daina sa dattijo cikin hira, ana cewa ai tsufa ne ya cinye masa kunne, alhali wani sashe na rashin jin nasa toshewa ce da za a iya kawarwa cikin mako guda.

Na huɗu shi ne halitta. Wani ramin kunnensa matsattse ne ko mai lanƙwasa da yawa, wani kuma jikinsa yana yin dauɗa fiye da kima. Irin waɗannan ko ba su taɓa zura tsinke ba, kunnen kan toshe lokaci-lokaci, kuma ba laifinsu ba ne, ba ƙazanta ba ce.

Na biyar shi ne abin da ake cusawa a kunne a bar shi tsawon lokaci. Samarinmu na yanzu wuni suke da ƴan abubuwan sauraron waya a kunne, wasu har barci suke da su. Masu sa na'urar ƙara ji su ma haka. Duk abin da ya toshe ƙofa ya hana dauɗa fita, kuma yana tura ta baya kaɗan-kaɗan.

Na shida shi ne ciwon fata. Mai fama da amosanin kai ko wani ciwon da ke sa fata ɓarewa, fatar cikin kunnensa ma tana zubar da ɓawo da yawa, ɓawon kuma shi ne ke sa dauɗa ta yi tauri.

Game da yawan masu wannan matsala, ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2008 ta kuma sabunta a 2017, ta ce ana samun toshewar kunne da dauɗa a wurin yaro 1 cikin 10, da babba 1 cikin 20, da fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsofaffi. In muka ɗauki wannan lissafi muka kawo shi aji mai yara 70, to yara 7 ke nan. Malami ɗan uwana, ka tsaya ka yi tunanin su waye bakwai ɗin a ajinka.

YADDA AKE GANE TA

Muddin akwai ƴar kafa da sauti zai bi, mutum yana ji, shi ya sa dauɗa kan daɗe tana taruwa ba a sani ba. Sai wata rana ruwa ya shiga wajen wanka, ko yaro ya yi iyo a tafki da damina, dauɗar ta sha ruwa ta kumbura ta rufe kafar, sai mutum ya ji kunne ya ɗauke farat ɗaya. Sauran alamu su ne jin kunne ya cika ya yi nauyi, jin muryar kanka tana amsa-kuwwa a cikin kai, ƙara ko shuuu a kunne, ƙaiƙayi, ɗan ciwo, wani lokaci har da jiri. Akwai ma wanda busasshen tari ke damu, domin wata jijiya da ke da alaƙa da maƙogwaro tana da reshe a ramin kunne. Shi ya sa wasu in suna sakace kunne sai tari ya kama su.

CUTUTTUKAN DA KE KAMA DA ITA

A nan ne ake buƙatar hattara, don ba duk kunnen da ya toshe ne dauɗa ta toshe ba.

Akwai ciwon ramin kunne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In tsinke ya karce fata, ko ruwa ya daɗe a ciki, ƙwayoyin cuta kan shiga, ramin ya kumbura. Alamarsa ita ce in aka ja kunnen, ko aka danna ɗan tsokan nan da ke bakin rami, sai mutum ya yi ƙara. Masu ciwon suga su yi hankali ƙwarai da wannan, domin a wurinsu yana iya cin ƙashi. Akwai kuma funfuna, irin wadda ke fitowa a kan tsohon tuwo, ita ma tana tsira a cikin kunne lokacin zafi da danshi, ta sa ƙaiƙayi mai tsanani. Wata irinta mai baƙaƙen ɗigo sunanta a wurin masana Aspergillus niger. Kada wani ya ce ƙasarmu aka zaga, kalmar Latin ce mai nufin baƙi.

Akwai ciwon tsakiyar kunne, wato bayan dodon kunne, wanda ya fi kama ƙananan yara. Tsakanin bayan hanci da tsakiyar kunne akwai wata ƴar hanya da iska ke bi. A wurin yara gajeriya ce kuma a kwance take, don haka in mura ta kama yaro, ƙwayoyin cuta ba su da wuyar haurawa. Sai a ga zazzaɓi, yaro yana jan kunne yana kuka dare farai. Bayan kwana biyu mugunya ta fasa dodon kunne ta zubo, ciwo ya lafa, sai uwa ta ce alhamdu lillahi ya fashe, an huta. To ba a huta ba. In aka kula, hujin kan rufe da kansa. In kuwa aka bar kunne yana zuba ya wuce mako biyu, ciwon ya zauna ke nan, yana cin ji a hankali, yana kuma iya kai wa ƙashin bayan kunne, har ya kai ga ƙwaƙwalwa. Sau nawa muka ga yaro ƙuda na bin kunnensa, an cusa masa auduga, an ce ai in ya girma zai daina? Kumburi a bayan kunne, ko ciwon kai mai tsanani, ko karkacewar baki a wurin mai kunne mai zuba, abu ne na kai wa asibiti a ranar. Wani lokaci kuma ruwa ne kawai ke kwanciya a bayan dodon kunne bayan mura, ba ciwo ba zuba, amma yaro ya yi watanni yana jin magana kamar daga cikin rijiya.

Akwai abin da ke faɗawa kunne. Yara kan cusa wake, ko ƙwayar masara, ko tsakuwa, ko guntun alli. Kada a zuba wa wake ko masara ruwa, kumbura za su yi. Kada kuma a bi su da tsinke. In ƙwaro ne mai rai ya shiga, kuma an san kunnen ba ya zuba, ana iya ɗiga ɗan mai mai tsabta don ya mutu ya daina fafutuka, sannan a tafi a ciro shi. In kuwa ɗan batirin agogo ne, kada a ɗiga komai, a ruga asibiti, don cikin ƴan sa'o'i yake ƙona nama.

Sai kuma rashin ji da ke fitowa daga can cikin kunne, inda wanki ba ya kaiwa. Mu muna zaune ne a tsakiyar yankin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau, 1 kan fita da wata naƙasa mai daɗewa, rashin ji kuma yana kan gaba. Nijar na cikin ƙasashe ukun farko, tare da Burkina Faso da Mali, da suka fara allurar MenAfriVac a 2010. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa ba da daɗewa ba. Ƙyanda da hangum su ma suna kurmantarwa. Haka wasu magunguna, irin allurar jentamisin da sitireftomisin, in aka yi su barkatai a hannun masu tallan magani, suna iya kashe ji har abada. Ga kuma ƙarar injin niƙa da ta lasifikar biki. In babban mutum ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke, ba mura ba wanka, kada ya zauna yana ɗiga mai yana jiran dauɗa ta fito. Ya nemi likita cikin kwana ɗaya ko biyu, domin in jijiyar ji ce ta taɓu, maganin yana aiki ne a kwanakin farko.

TO MENE NE ABIN YI?

Ga mai lafiyayyen kunne, abin yi shi ne ya ƙyale shi. Shafar da muke yi wa kunne da jiƙaƙƙen yatsa wajen alwala, da goge bakinsa da tsumma mai tsabta bayan wanka, sun wadatar. Inda yatsa ya tsaya, nan tsabta ta tsaya.

Ga wanda dauɗa ta taurare masa, matakin farko shi ne a tausasa ta. Ana ɗiga man zaitun mai tsabta, ko maganin ɗigawa da ake sayarwa a kantin magani don wannan aiki, ɗigo 2 ko 3, sau biyu a rana, kwana 3 zuwa 5. Mutum ya kwanta a gefe, kunnen yana sama, ya daɗe kamar minti 5 kafin ya tashi. Man ya kasance da ɗumin jiki kawai, kada a ɗora shi a wuta. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa dauɗar ta fito da kanta. Amma akwai sharaɗi babba. Ba a ɗiga komai a kunnen da ke zuba, ko mai ciwo, ko wanda aka san dodonsa ya taɓa fashewa, ko wanda aka taɓa yi wa aiki, sai da izinin likita. Ƙaramin yaro kuma a fara kai shi a duba tukuna.

In ba ta fito ba, sai gidan likita. A can za a leƙa da fitila a tabbatar dauɗa ce, sannan a wanke da ruwa mai ɗumin jiki, wato awo 37, domin ruwan sanyi ko mai zafi yana sa jiri nan take. A manyan asibitoci, inda ake da likitan kunne, ana ciro ta da ɗan ƙugiya ko a zuƙe ta da na'ura, likita yana kallon abin da yake yi. Bambancinsa da mai tsinke ke nan, shi yana gani, mai tsinke kuwa lalube yake cikin duhu.

Abubuwan da za a guje wa kuwa mun san su: tafasasshen mai, kananzir, ruwan ganye, ruwan albasa, turare, nonon uwa, da ragowar maganin ɗigawa na maƙwabci. Kunnen da ke zuba, a riƙa tsane bakinsa da tsumma mai tsabta da aka murza ya yi tsini, a hana ruwa shiga, a kai yaro a ba shi maganin da ya dace.

GARE KU MALAMAI DA IYAYE

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar kan ji a 2021, ta ce mutum fiye da biliyan 1 da rabi a duniya suna da raunin ji, kuma a wurin yara kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji daga abubuwan da za a iya kaucewa yake fitowa. Ta kuma ware ranar 3 ga Maris ta kowace shekara don tunatar da duniya zancen kunne. Mu a nan ba sai mun jira Maris ba.

Yaronmu yana barin gida da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ya zo ya tarar da Faransanci a aji. Mai lafiyayyen kunne ma yaya ya ƙare, balle wanda rabin magana kawai ke isa gare shi? Don haka ku lura da yaron da ke yawan cewa “na'am?”, da mai kallon bakin malami, da mai karkato kai gefe guda, da mai ɗaga murya fiye da kima ko mai yin shiru ya ware kansa, da wanda ke ƙoƙari a abin da aka rubuta amma ya faɗi a abin da aka faɗa.

Akwai ɗan gwaji da nake yi a farkon kowace shekara, ba ya cin ko dala. A wuri marar hayaniya, sai in tsaya bayan yaro, nisan hannu guda, don kada ya ga bakina. In sa ya danne kunne ɗaya da yatsa, in raɗa lambobi uku, in ce ya maimaita. Sannan mu juya ɗaya kunnen. Wanda ya kasa, sai in matso da shi layin gaba, in kuma rubuta wa mahaifinsa takarda ya kai shi a duba. Wannan gwaji ba ya gaya mini abin da ke damun kunnen, amma yana nuna mini wanda zan tura. Ban da haka na koya wa kaina in daina magana ina fuskantar allo, sai na juyo yara suna ganin fuskata. Hannuna kuwa, tun daga waccan shekara bai sake sauka a kunnen ɗan kowa ba.

Iyaye mata da kakanni, mun san ƙauna ce ke sa ku sakace wa yara kunne, Allah ya saka da alheri, amma a ajiye tsinken nan. Iyaye maza, in an ce maku yaro ba ya ji, kafin ku ɗauko bulala ku fara tambaya, wane irin rashin ji? Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To sai mu fara tabbatar da cewa kunnen yana ji.

Shi wancan ɗalibi nawa, a ƙarshen shekarar ya fito cikin goman farko. Yanzu yana da shagon gyaran waya, kuma duk lokacin da na bi ta ƙofarsa sai ya taso ya gaishe ni har ƙasa. Na taɓa neman gafararsa a kan marin nan, ya yi dariya ya ce shi bai ma tuna ba. Ni kam ban manta ba.

A nan zan dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ko wanda ya ga gyara a cikin abin da na faɗa, musamman ma'aikatan lafiya, ƙofa a buɗe take, sai ya aiko ta hannun edita. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba zancen ido da yaran da ba su hangen allo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.